JARIN MUTANE AMANA NE: INA ƘARAMIN ƊAN KASUWA ZAI SAMO KUƊI BA TARE DA YA SAƁA WA ALLAH BA?



Godiya ta tabbata ga Allah Mai arzuta bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda mutanen Makka suka yi wa laƙabi da Al'amin tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, kowace sana'a in Allah Ya sa mata albarka tana kaiwa wani matsayi da aljihun mai ita ba zai iya ɗaukarta ba. Tela ne a Kafinsoli da keke ɗaya, ga aikin kayan makaranta ya samu, amma ba kuɗin yadi. Baiwar Allah ce mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a Kusada, ta san da kaka gyaɗa ke araha, amma tiya-tiya take iya saye, sai ta yi tsada sannan ta koma kasuwa. Saurayi ne mai ɗauko wake daga kasuwar Charanchi zuwa Dawanau, buhu biyar kacal, kuɗin mota ya cinye ribar. Duk waɗannan sun iya sana'arsu, kuma suna da masu saye. Jari ne ya gaza.

Bahaushe ya ce da ruwan ciki kan ja na rijiya. To ruwan cikin ma ya ƙafe. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Kuɗin da ke cika shago a da, yanzu rabin kanta yake cikawa. Mutum bai ci jarinsa ba, bai yi almubazzaranci ba, amma jarin ya tsotse a hannunsa. Dole ya waiwaya ya nemi na wani.

Kafin mu yi nisa, a lura: in na ce riba a wannan rubutu, ribar ciniki nake nufi, wadda take halal. Waccan haramtacciyar da Alƙur'ani ya yi magana a kanta, zan kira ta kuɗin ruwa, don kada kalmomin su rikita mai karatu.

ƘOFOFIN DA MUTANENMU KE FAƊAWA

Ta farko banki. Bankin kasuwanci zai tambaye ka jingina, da takardar fili, da tarihin shige da ficen asusunka. Mai injin niƙa a ƙauye ba shi da ko ɗaya. In ma ya samu, a ƙarshen 2024 ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya ya kai kashi 27.5 cikin ɗari, bankuna kuwa sama da haka suke ba ɗan kasuwa. Ko da ba a yi maganar haramci ba, wace ƙaramar sana'a ce za ta biya wannan ta kuma ciyar da gida?

Ta biyu wayar hannu. Manhajojin bashi sun cika intanet. Ba jingina, ba shaida, ka ba da BVN ɗinka kuɗi su shigo cikin minti kaɗan. Amma ka ba su izinin shiga lambobin wayarka. Ranar da ka makara, sai surukinka da limamin unguwarku su ga saƙo ana kiranka ɓarawo. Abin ya yi muni har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ta uku kuwa tana cikin garuruwanmu, kuma ta girmi banki da waya. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, a ba manomi buhun gero ɗaya, da kaka ya biya biyu ko ɗaya da rabi. Mai bayarwa yana sahun gaba a masallaci, yana zagin banki, bai san shi ma abin da yake ci ke nan ba. Hatsi da hatsi irinsa, da ƙari, da jinkiri, kuɗin ruwa ne tsantsa, ko an kira shi taimako.

Ku koma Suratul Baƙara daga aya ta 275 zuwa ta 279. A nan ne Allah Ya raba tsakanin ciniki da kuɗin ruwa, kuma Ya shelanta yaƙi daga gare Shi da ManzonSa a kan wanda ya ƙi dainawa. Bambancin a fili yake. Ɗan kasuwa yana iya ci, yana iya faɗuwa. Mai ba da kuɗin ruwa ya ɗora duk haɗarin a wuyan ɗan'uwansa, shi ko gobara ta tashi, ko 'yan bindiga sun tare hanya, nasa na nan ba ya motsi.

"TO MALAM, KUN HARAMTA, INA MAFITA?"

Tambaya ce mai kyau, kuma haƙƙi ne a kan masu wa'azi su amsa ta. Shari'a ta rufe ƙofa ɗaya, ta bar wasu da dama a buɗe, kuma suna nan cikin littattafan da ake karantawa a zaurukanmu.

1. Ƙirali, wanda bankuna ke kira mudaraba. Wani ya kawo kuɗi, wani ya kawo aiki, su raba riba a kan kason da suka yarda: rabi da rabi, ko kashi ɗaya cikin uku. Annabi (SAW) kafin aure ya tafi Sham fatauci da dukiyar Nana Khadija (RA). Imamu Malik ya ware wa ƙirali babi guda a Muwaɗɗa, ya buɗe shi da labarin Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umar (RA). Abu Musal Ash'ari, yana gwamnan Basra, ya ba su kuɗin baitulmali su kai Madina, suka sari kaya a Iraƙi suka sayar suka ci riba. Umar ya nemi su miƙa uwar kuɗi da ribar duka, don yana ganin an fifita su ne saboda su 'ya'yan halifa ne. Daga baya aka ba shi shawara ya mai da abin ƙirali, sai ya karɓi uwar kuɗi da rabin riba, su kuma suka ɗauki rabi.

Sharuɗɗansa a mazhabarmu sanannu ne. Jarin ya zama tsabar kuɗi. Rabon ya zama kaso daga riba, ba adadi yankakke ba. Wanda ya ce "ga naira miliyan ɗaya, duk wata ka ba ni dubu hamsin," ko an ci ko ba a ci ba, wannan ya fita daga ƙirali, ya koma rance da ruwa. In aka yi asara ba tare da sakaci ko ha'inci ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai aiki ya yi asarar wahalarsa, ba a tilasta masa biya. In kuwa ya saɓa sharaɗi ko ya yi ganganci, to ya lamunta. Kuma ba a raba riba sai an fitar da uwar kuɗi tukuna.

Misali: Alhaji ya ba yaro naira dubu 500 ya sari wake, a kan rabi da rabi. Bayan an sayar an cire kuɗin mota da dako da dillali, aka tashi da dubu 600. Alhaji ya ɗauki dubu 500 ɗinsa, ɗarin da ta rage kowa hamsin. Haka ma kiwon ragunan layya da ake ba mata a gidaje: hanyar da ta fi kuɓuta daga saɓanin malamai ita ce a ba ta kuɗi ta sayi ragon, a san nawa aka saye shi, a yi maganar kuɗin dusa da harawa tun farko.

2. Tarayya, wato musharaka. Kowa ya kawo kuɗi, a haɗa a yi sana'a, riba da asara su bi gwargwadon abin da kowa ya zuba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Matasa biyar masu buhu biyar-biyar, in suka haɗa, sun fi ƙarfin magana da direba da dillali fiye da kowa shi kaɗai. Sai dai ku tuna da aya ta 24 a Suratu Sad, inda Annabi Dawuda (AS) ya bayyana cewa abokan tarayya da yawa suna zaluntar juna, in ban da masu imani da aikin ƙwarai, kuma su kaɗan ne.

3. Salam. Wannan ita ce mafitar manomi da mai sana'ar hannu. Ka karɓi kuɗi yanzu, ka kawo kaya daga baya. Ibnu Abbas (RA) ya ba da labari, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim, cewa Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna biyan kuɗin dabino tun kafin shekara ɗaya ko biyu, bai hana su ba, sai ya sharɗanta a san mudu, a san nauyi, a san lokaci. Don haka ɗan kasuwa na iya ba manomin Kankiya kuɗi da farkon damina a kan buhu kaza na waken suya, mai siffa kaza, a wata kaza. A biya kuɗin gaba ɗaya a lokacin ƙulla ciniki. Kada a ɗaure shi da amfanin gona guda, don tana iya ƙin yi. Kuma mai kuɗi ya ji tsoron Allah wajen yanka farashi, kada ya mai da yunwar damina wuƙar yanka talaka.

4. Murabaha. Mai kuɗi ya sayi keken ɗinki ko injin markaɗe, ya mallake shi, sannan ya sayar maka da ƙarin riba sananniya, ka biya a hankali. Malaman zamani da yawa sun halatta shi da sharaɗin kayan su shiga mallakar mai sayarwa da gaske, kuma farashin kada ya ƙaru saboda an makara. Da wannan ne bankunan da ba su ta'ammali da kuɗin ruwa suka fi aiki. Jaiz ya fara a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021. Tunanin kansa ya samo asali ne daga wani ƙaramin bankin ajiya da Ahmad An-Najjar ya buɗe a garin Mit Gamr na ƙasar Masar a 1963, don manoma da ƙananan 'yan kasuwa irin namu. In ka je, ka tambaya, ka karanta takarda, in ba ka gane ba ka kai wa malami masanin mu'amala. Suna kaɗai ba ya halatta ciniki.

5. Rance mai kyau da adashi. Ka ba ɗan'uwanka dubu ɗari ya dawo maka da dubu ɗari, ladanka na wajen Allah. Adashin da iyayenmu mata ke yi, kowa ya zuba daidai ya kwashi daidai, mafi yawan malaman zamani sun halatta shi, kuma shaguna da yawa a ƙasar Hausa da kwasar adashi aka buɗe su.

TO ME YA SA ƘOFOFIN NAN SUKA YI TSATSA?

Nan ne maganar take, jama'a. Kowace ƙofa a cikin biyar ɗin nan, mabuɗinta amana. Mai ba da kuɗin ruwa ba ruwansa da gaskiyarka, gonarka da ya riƙe ta ishe shi. Amma mai ba da ƙirali, da bakinka zai ji an ci riba ko an faɗi. In bakin nan ba abin yarda ba ne, ba zai saki kuɗinsa ba.

Kakanninmu da haka suka yi kasuwanci. Fatake sun yi ta kai dukiyar mutane har Gwanja su dawo da goro bayan watanni, ba waya, ba banki. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, wakilai yake ba kuɗi su shiga ƙauyuka sayen gyaɗa. Yaron kanti ya yi wa ubangidansa hidima shekaru, a sallame shi da jari, shi ma ya zama ubangidan wasu. Har gobe ana wannan a Kantin Kwari da Singa.

Yau fa? Kowa a cikinmu ya san labarin wanda aka ba jari ya yi aure da shi. Ko ya sayi babbar waya da mashin, bayan wata shida ya zo yana "kasuwa ta ƙi." Ko matar da ta yi kwasar farko a adashi ta daina zubi. Mai yin haka yana ganin mutum ɗaya ya cuta. Wallahi ya cuci duk matasan garin, don Alhajin nan ya rantse ba zai sake ba kowa ba.

Mu dubi abin da ya faru da shirin ba manoma rance na Babban Banki, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Jihar Kebbi a watan Nuwamban 2015. An fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya. Adalci shi ne a faɗi cewa wasu ambaliya ta ci gonakinsu, wasu 'yan bindiga sun hana su noma, wasu kayan aikin ma ba su iso musu a kan lokaci ba, kuma tsarin kansa yana da abin dubawa ta fuskar Shari'a. Amma mu ji tsoron Allah, mutum nawa ne suka karɓa da niyyar ba za su biya ba, suna cewa "rabonmu ne na arzikin ƙasa"? Yanzu Babban Bankin ya ja da baya daga irin waɗannan rance. Wa aka rufe wa ƙofa? Ƙannenmu. Dukiyar gwamnati dukiyar al'umma ce, wanda ya ci ta, da miliyoyin mutane zai yi shari'a ranar Alƙiyama.

Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa mai karɓar dukiyar mutane da niyyar biya, Allah zai biya masa, mai karɓa da niyyar lalatawa kuwa Allah zai lalata shi. An taɓa kawo masa gawa ya ƙi yi mata salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada (RA) ya ɗauki nauyin biya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi kansa Manzon Allah ya rasu sulkensa na jingine a wajen wani Bayahude saboda sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Cin bashi ba abin kunya ba ne. Taurin bashi ga mai halin biya, shi ne zalunci.

Masu hali, ku ma ba ku kuɓuta ba. Wani ya ba da jari da sunan ƙirali, ana cin riba yana karɓa da murmushi, ranar da aka yi asara ta gaskiya sai ya kai yaro wajen 'yan sanda. Wani ya hana ɗan unguwarsu mai sana'a a gabansa, amma ya kwashi miliyoyi ya zuba a MMM da ta rufe da kuɗin mutane a Disambar 2016, ko CBEX da ta ruguje a Afrilun 2025, don an yi masa alkawarin riba ba asara. Duk wanda ya ce maka riba tabbas, asara babu, to ɗayan biyu ne: ko kuɗin ruwa, ko damfara.

RUBUTU, JAMA'A, RUBUTU

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka. A rubuta, a sa lokaci, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubutawa ko kaɗan ne. Ayar da ke bi mata ta yi maganar jingina. Ubangijin da Ya halicci zukata Ya san mantuwa, Ya san mutuwa, Ya san magada.

Mu kuwa sai kunya. "Haba, ni da yayana sai mun yi takarda?" To ai saboda yayanka ne ya kamata a yi. Zumunci nawa ne ya tsinke a kan "cewa na yi rance," "a'a, cewa ka yi jari"? Magada nawa ne ke gaba da juna don mamaci ya ba da kuɗi ba wanda ya sani?

Kuma rubutun nan shi ne abin da duk mai kuɗin waje ke fara tambaya. Je ka bankin Musulunci, je ka Bankin Masana'antu, je ka SMEDAN, hukumar da Malam Dikko Umaru Raɗɗa ya shugabanta kafin ya zama gwamna a 2023, ko KASEDA ta jiharmu ta Katsina, ko gidauniyar Tony Elumelu da ke ba matasan Afirka jarin dala 5,000 tun 2015. Tambayarsu kusan iri ɗaya ce: ina rajistar sana'arka, ina asusunta, nawa kake sayarwa a wata, nawa ke fita? Mutuminmu sai ya ce "Alhamdu lillahi, ana samu." Madalla da godiya, amma "ana samu" ba lissafi ba ne. Abin da Alƙur'ani ya koya mana tun ƙarni 14, shi duniya ke nema a hannunmu yau, mu ne muka bar shi.

ABIN YI

Kai mai sana'a: sayi littafi gobe da safe. Rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kullum, har kuɗin cefanen da ka zara. Raba aljihun gida da na sana'a. In da hali ka yi wa sana'arka rajista a CAC, ka buɗe mata asusu. Fara da ƙaramin jari ka mayar a kan lokaci, shi zai jawo babba. In asara ta zo, kai ka fara zuwa da littafinka, kada ka kashe waya. Kuma kada ka karɓi abin da ya fi ƙarfin sana'arka.

Kai mai hali: kada ka ba da dukiya don kunya ko don an roƙe ka a gaban mutane. Bincika, gwada mutum da kaɗan, faɗi a fili ko kyauta ce, ko rance, ko ƙirali, a rubuta, mutum biyu su sa hannu. In wanda kake bi ya shiga ƙunci na gaskiya, aya ta 280 ta umarce ka da jinkirta masa, ta kuma nuna yafewa ta fi. Kuɗin da ka sa a hannun tela ya ɗauki yara uku aiki ya fi maka wanda ka binne a fili yana jiran tsada.

Mu kuma limamai da malaman zaure: babin ciniki na nan a Risala da Muwaɗɗa, mu riƙa kaiwa gare shi, kada karatu ya tsaya a tsarki da salla kullum. Me zai hana kowane masallacin Juma'a, daga Kafinsoli zuwa Kankiya da Kusada, ya samu mutum uku amintattu, da malami, da ɗan kasuwa, da mai ilimin lissafi, waɗanda za su riƙa rubuta wa mutane yarjejeniya, su zama shaidu, su sasanta in an samu saɓani? Wannan ba ya buƙatar kasafin gwamnati. Littafi ne da biro da tsoron Allah.

Sayyidina Abdurrahman bin Auf (RA) ya iso Madina ba shi da komai. Sa'ad bin Rabi'a ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, ya yi masa addu'ar albarka ya ce a nuna masa kasuwa. Ya fara da cuku da man shanu, ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Al'ummar da ke da masu bayarwa irin Sa'ad da masu kamun kai irin Abdurrahman, jari ba zai yi mata wuya ba.

Allah Ka wadata mu da halal ɗinKa, Ka tsare mu daga haram. Allah Ka biya wa masu bashi bashinsu, Ka sa albarka a sana'o'inmu da gonakinmu, Ka ba mu zaman lafiya a Jihar Katsina da Najeriya baki ɗaya. Ka sa mu cika da imani ba da haƙƙin kowa a wuyanmu ba.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.